Ungulu Ba Ta Jewar Banza: Lacca Kan Kallon Shaho, Shirwa da Danginsu

 

A cikinku wa zai iya tuna ranar ƙarshe da ya ga ungulu a mahauta? Mu da muka tasa a shekarun 1980 mun san yadda suke jeruwa a kan katangar kwata tun kafin a fara fiɗa, ba sa tsoron kowa, har sai mahauci ya ture su da ƙafa. Yau a garuruwa da yawa yaro ɗan shekara goma bai san ungulu ba sai a karin magana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda zai iya faɗa mana shekarar da suka tafi, domin babu wanda ya rubuta, babu wanda ya ɗauki hoto ya sa kwanan wata. Wannan ne ya sa na rataya kyamara.

Amma a wasu ƙasashe akwai wanda ya ƙirga. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Marc Thiollay ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar a mota tsakanin 1969 da 1973, yana rubuta kowane tsuntsu mai farauta da ya gani. A 2003 da 2004 ya sake bin hanyoyin nan, fiye da kilomita 8,000. Ya tarar manyan ungulaye, dangin mikiya, sun ragu da kashi 98 cikin ɗari a wajen gandun dajin da ake karewa. A 2015 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun nan tamu ta kasuwa a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Littafin rubutu da idon mutum ɗaya mai haƙuri ne suka fito da maganar raguwar manyan ungulayen fili.

To, yaya ake kallon? Ka fara sanin lokacinsu. Manyan tsuntsayen nan ba sa son wahalar kaɗa fiffike. Suna jira hantsi ya ɗaga, ƙasa ta ɗau zafi, iska mai ɗumi ta fara hawa sama, sai su hau ta suna jewa. Da sassafe a kan busasshen reshe ko turken lantarki za ka same su, kuma a nan ne hoto ya fi kyau, hasken yana da laushi. Ka ba rana baya. Idan hazon hunturu ya sauka, kada ka wahalar da kanka da na nesa, duk abin da ka ɗauka zai fito toka-toka.

Kowa da tafiyarsa a sama. Shirwa ka dubi jelarta: tsage take, tana murɗa ta hagu da dama kamar matuƙin kwalekwale da filafili. Idan ta matso ka dubi baki. Mai rawayan baki 'yar Afirka ce, mai baƙin baki baƙuwa ce da ta ƙetaro Sahara daga Turai don ta ci rani a wurinmu. Gaggafa kuwa kusan ba ta da jela, fuska ja, ƙafa ja, tana tafe tana tangaɗi da fikafikai kamar mai tafiya a kan siririyar gada. Tana ɗaukar shekara bakwai zuwa takwas kafin launin girma ya cika mata, ƙwai ɗaya take sakawa. Ku yi lissafi da kanku: in an harbe guda, shekara nawa kafin a sami madadinta? Mikiya kuma Bahaushe bai yi ƙarya ba da ya ba ta hangen nesa da tashi sama. A watan Nuwamba 1973 wata ta yi karo da jirgin sama a sararin Abidjan, a tsayin mita 11,300.

Batun kaya ba zan daɗe a kai ba. Madubin hangen nesa ya fi kyamara muhimmanci ga mai koyo. Wanda ke da kyamara mai dogon baki, kamar milimita 400, ya sa saurin ƙiftawarta wajen kashi ɗaya cikin 2,000 na daƙiƙa idan tsuntsu na tashe. Mota ita ce maɓoya mafi kyau, domin shahon da zai gudu daga mai tafiya a ƙasa yakan ƙyale mota ta tsaya kusa da shi. Ka kashe inji, ka ɗora kyamara a kan taga. In ka ga ya yi kashi, ya karkaɗe jiki, ya fuskanci iska, to tashi zai yi, yatsanka ya zauna a shirye.

Akwai kuskuren da na yi wanda har yau yake damuna. Wani rani na sami sheƙar ungulu a kan wata doguwar bishiya a bayan wani ƙauye. Kwaɗayin hoto ya ja ni har gindin bishiyar. Na ga fatar fuskarta ta rine ta yi ja, alamar hankalinta ya tashi, amma ban ja da baya ba. Ta tashi ta bar ƙwanta ɗaya tilo a rana, hankaka biyu suna shawagi. Na koma mota da sauri, na yi kusan awa guda gabana na faɗuwa kafin ta dawo. Tun daga ranar, in tsuntsu ya daina abin da yake yi ya zuba mini ido, na san na wuce gona da iri.

Wannan ya kawo ni ga maganar da nake roƙon ku riƙe. Ana cinikin kan ungulu da ƙwanta da gashinta a kasuwannin magani, kuma masu nemansu suna da waya kamar yadda muke da ita. In ka sa hoton sheƙa a Facebook, ka ambaci jiha kawai, kada ka faɗi ƙauye ko bishiya. Cikakken bayanin, wato rana, wuri da adadi, ka kai shi inda zai yi amfani. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos tana tattara irin wannan bayani daga masu sa kai don taswirar tsuntsayen Najeriya. Hoton waya ma, ko bai fito sarai ba, shaida ne in yana da kwanan wata.

Ku ɗalibai da kuka zo daga Nguru da Haɗeja da Bauci, in kun koma gida hutu ku je mahauta da hantsi, ku gaida Sarkin Fawa, ku tambaye shi yaushe rabonsa da ganin ungulu. Ku rubuta amsarsa da sunan garin da ranar da kuka yi tambayar. In kun ɗaga kai ba ku ga ko ɗaya ba, shi ma ku rubuta.