Ɗaukaka Inda Babu Tsani: Mata Biyu a Kamfanin Stripe



Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati a Nijeriya ya san tsani. Tun daga rahoton Udoji na 1974 aka jera ma'aikata bisa matakai, daga na 1 zuwa na 17. Mai digiri yakan kama daga na 8, ya share shekara uku ko huɗu a kan kowane mataki, ya zauna jarrabawa, sa'an nan ya jira gurbi. Tafiya ce mai nawa, amma kowa ya san inda ƙafarsa za ta sauka. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne wurin aikin da ba shi da irin wannan tsani, watau sabon kamfani mai bunƙasa da gaggawa, da kuma yadda mace kan sami ɗaukaka a cikinsa. Misalin da aka zaɓa shi ne Stripe, wani kamfanin fasahar hada-hadar kuɗi na ƙasar Amurka.

Wasu 'yan'uwa biyu 'yan ƙasar Ayalan, Patrick da John Collison, su suka kafa shi a 2010, ya fara hulɗa da jama'a a 2011. Aikinsa ba wuyar fahimta. A da, ɗan kasuwan da ke son karɓar kuɗi ta kati a shagonsa na intanet sai ya yi makonni yana kai da kawowa tsakaninsa da banki. Stripe ya ɗauke masa wannan wahala, ya mai da ita 'yan layukan umurnin kwamfuta, shi kuma yana cire ladansa daga kowane ciniki, kashi 2.9 cikin 100 da santi 30 a Amurka. Kasuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu. A 2014 ma'aikatansa ba su kai 200 ba, amma zuwa 2021 sun haura 6,000.

Ya kamata a tsaya a kan wannan lissafi, domin shi ne ginshiƙin maganar. Kamfanin da ya ninka ma'aikatansa sau talatin cikin shekara bakwai, kusan a kowane lokaci rabin mutanen cikinsa baƙi ne da ba su cika shekara biyu ba. Wadda ta shekara uku ta zama tsohuwar hannu. Bugu da ƙari, kullum sabon aiki na ɓullowa wanda ba a rubuta sunan kowa a kansa ba: buɗe ofis a wata ƙasa, sasantawa da wani banki, amsa koken abokan ciniki da suka yi yawa. A ma'aikatar gwamnati mutum ne ke jiran gurbi. A nan kuwa gurbi ne ke jiran mutum.

Ta wannan ƙofa Cristina Cordova ta shiga. An ɗauke ta a 2012, ita ce ma'aikaciya ta 28, lokacin da kamfanin bai wuce ɗaki cike da injiniyoyi ba. Ta rungumi aikin ƙulla yarjejeniya da wasu kamfanoni domin su riƙa amfani da Stripe wajen karɓar kuɗi, har aikin ya zama sashe guda, ita ce shugabarsa. Ta yi kimanin shekara bakwai, ta koma Notion, daga bisani kuma ta zama babbar jami'ar gudanarwa a kamfanin Linear. Ba a iya cewa an ƙara mata girma bisa ma'anar da ma'aikaci ya sani. Kujerar da take kai ce ta yi ta girma, ita kuma ta ƙi bari kujerar ta fi ƙarfinta.

Labarin Claire Hughes Johnson ya sha bamban, kuma ya fi cancantar a daɗe a kansa. Ita ba injiniya ba ce. Adabin Ingilishi ta karanta a Jami'ar Brown (abin da ɗaliban sashen harsuna za su so su ji), ta taɓa aikin siyasa a jihar Massachusetts, ta yi digiri na biyu kan gudanar da kasuwanci a Yale, sa'an nan ta shiga Google a 2004. Shekara goma ta yi a can, ta yi aiki a kan Gmail da sashen talla, har ta kai mataimakiyar shugaba, ta kuma taɓa aikin motar nan mai tuƙa kanta. To, a 2014 sai ta bar wannan inuwa ta koma Stripe a matsayin babbar jami'ar gudanarwa, ƙarƙashin samarin da ba su cika shekara talatin ba. Wanda ya saba da tsani zai ce saukowa ta yi.

Abin da aka damƙa mata ya haɗa da tallace-tallace, kula da abokan ciniki, tsaron kamfani daga zamba da asara, ɗaukar ma'aikata, har da gine-ginen ofis. A taƙaice, kusan duk abin da ba rubuta umurnin kwamfuta ba ne. Amma ba yawan sassan ne abin lura ba, yadda ta bi da su ne. Mutum ashirin suna iya tafiyar da kamfani da baki, kowa na jin kowa. Da zarar sun kai ɗari biyar, abin da ba a rubuta ba ya ɓace, sabon zuwa kuma ba ya da wanda zai tambaya sai sabon zuwa irinsa. Saboda haka ta dage a kan rubutu: manufar kamfani, ƙa'idojin aiki, lokutan tsara shiri da na bitar sakamako, da wanda ke da ikon yanke kowace shawara. Har kanta ta rubuta. Akwai wata takarda tata da ta shahara bayan an buga ta cikin littafin Elad Gil na 2018, inda ta bayyana wa na ƙasa da ita yadda take aiki, da abin da take so a sanar da ita, da wuraren da ta san tana da rauni. Shugabannin da za su yarda su miƙa wa yaransu jerin aibobinsu ba su da yawa, a can ko a nan.

Akwai wani ɓangare mai ɗaci a irin wannan ɗaukaka. Duk sashen da ta gina, in ya tsaya da ƙafarsa, tilas ta nemo wanda zai riƙe shi ta sakar masa, domin wani aikin na jira. Wanda ya ƙanƙame abin da ya iya, kamfani zai wuce ya bar shi da shi. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake, ga shi kuwa a nan kiɗan ba ya shekara bai sake ba. A 2021 ita ma ta sauka daga kujerar ta koma mai ba da shawara, ta tattara abin da ta koya cikin littafinta Scaling People na 2023.

To, amma kada masu sauraro su ɗauka rashin tsani alheri ne zalla. Ƙa'idar da ke jinkirta ma'aikacin gwamnati ita ce kuma ke kare shi. Inda ba a rubuta sharaɗin ƙarin girma ba, sanayya da ra'ayin maigida su ke yin hukunci, kuma a wurin da maza suka fi yawa, mace ce ta fi cutuwa da wannan. Wani kaso na ladan ma'aikaci kuma hannun jari ne, wanda darajarsa ke hawa da sauka. An ƙiyasta Stripe a kan dala biliyan 95 a Maris 2021, amma a Maris 2023 ya dawo biliyan 50. Tsakanin nan, a Nuwamba 2022, ya sallami kashi 14 cikin 100 na ma'aikatansa.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Kujerar da matan nan suka kai ta biyu ce. Haka Sheryl Sandberg ta riƙe ta a Facebook daga 2008 zuwa 2022. Ana amincewa mace ta tsara gida ta tafiyar da shi, amma mallakar gidan da kalmar ƙarshe suna hannun waɗanda suka kafa shi, su kuwa galibi maza ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, tun da shekara da shekaru kamfanonin da mata zalla suka kafa a Amurka ba su samun fiye da kimanin kashi 2 cikin 100 na jarin da ake zuba wa sababbin kamfanoni.

Maganar ba ta tsaya a Amurka ba. A Oktoba 2020 Stripe ya sayi Paystack na Legas a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200, kuma irin waɗannan kamfanoni sun ɗauki 'yan Nijeriya masu yawa aiki. A cikinsu akwai PiggyVest, wanda ya mai da tsohuwar al'adar asusu ta koma cikin wayar hannu. Odunayo Eweniyi na cikin waɗanda suka kafa shi a 2016, kuma ita ma kujerar babbar jami'ar gudanarwa ta riƙe, sai dai ita tana da rabo a gidan tun daga tushe. A 2021 ita da Eloho Omame suka kafa FirstCheck Africa, asusun da ke ba kamfanonin da mata suka kafa jarinsu na farko.