Uwar Kwamfuta da Wa'adin Manhajarta

A makon jiya, a wani shagon taki da iri a nan Kafur, na tarar da uwar kwamfutar da ke riƙe da lissafin bashin manoma, tun daga buhun masara har audugar da ake kaiwa Funtua, tana can lungu ƙura ta lulluɓe ta, kuma har yanzu da Windows Server 2012 take aiki, alhali kamfanin Microsoft ya daina toshe mata kafofin ɓarayin intanet tun 10 ga Oktoba, 2023. Wallahi hankalina ya tashi, domin amanar talakawa ce a cikinta.

Duk ɗan kasuwar da ya ƙudiri aniyar sauya manhajar uwar kwamfutarsa, wajibi ne ya fara binciken wa'adi, saboda kowace manhaja tana da ajalinta: CentOS 7 ta cika nata a 30 ga Yuni, 2024, Windows Server 2016 kuwa sai Janairun 2027. Ubuntu mai dogon zango kyauta ce, ana kuma kula da ita shekara biyar, amma a ra'ayina arha ba hujja ba ce matuƙar manhajar lissafinka ba za ta zauna a kanta ba, ko kuwa babu masani a Malumfashi ko Funtua da zai amsa kiranka ranar da ta ƙi tashi.

Sannan kada a taɓa uwar kwamfutar da kaka, lokacin da awo da biyan bashi suka kankama. A bari sai rani, a kwafi bayanan wuri biyu, a tanadi wutar sola ko janareta kafin a fara.