Jawabi Kan Shirya Gyambo Domin Ya Warke



Manomi ba ya shuka sai ya yi sharar gona. Haka gyambo yake, ba ya haɗewa sai an share masa hanya. Abu uku ke hana shi warkewa: mataccen nama, ƙwayoyin cuta, da yawan ruwa.

Da farko a wanke hannu da sabulu. A tafasa ruwa rabin lita da gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ya huce, a wanke ciwon. Cire mataccen nama aikin ma'aikacin lafiya ne.

Mun saba cewa a bar ciwo ya sha iska. Amma a 1962, George Winter na Ingila ya nuna ciwon da ke da ɗan danshi ya fi busasshe saurin warkewa. Shi ya sa aka yi bandeji mai kamar soso. Yana tsotse ruwa, ba ya manne wa sabon nama, wani kuma akwai sinadarin azurfa a ciki mai kashe ƙwayoyin cuta. Yakan kwana uku zuwa bakwai. Idan ya jiƙe, a canza. Yana da tsada, sai likita ya ga ya dace.

Kada a sa toka ko kashin shanu, suna jawo sandarewar wuya. Idan aka ji wari, zazzaɓi ko kumburi, musamman ga mai ciwon suga, a tafi asibiti. A birnin Kano akwai Asibitin Murtala kusa da Ƙofar Mata, da Asibitin Ƙashi na Dala. Jinkiri kan jawo yanke ƙafa.

Allah ya ba mu lafiya. Amin.