Kafin Ku Sayar Da Masara Ku Sayi Na'urar Haƙar Kirifto, Ku Yi Lissafin Wuta: Jawabi Ga Matasan Badafi

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa mai sana'ar gyaran kayan lantarki ya gabatar a zaman matasa da aka yi a Badafi, ƙaramar hukumar Kiru, wanda ya samu halartar 'yan'uwa daga Bebeji, Tudun Wada da Doguwa. An nemi ya yi magana ne saboda yadda batun sayen na'urar haƙar kirifto ya yawaita a bakin matasa, har wasu na shirin sayar da amfanin gona, wasu na neman bashi.

Bayan ya yi yabo ga Allah (T) da salati ga Manzon Rahama (S), mai jawabin ya fara da raba abubuwa biyu da ya ce an cakuɗa su. Ya ce dangwalen waya da matasa suka duƙufa a kai, tun daga Pi da ya fito a 2019 har zuwa Notcoin da Hamster Kombat na 2024, suna kawai ya ara, amma babu wani haƙa da wayar take yi. Maki kamfani yake rubuta maka don ya tara jama'a, ranar da ya ga dama ya biya abin da ya ga dama. Ya tuna wa 'yan'uwa watan Satumba na 2024, lokacin da Hamster ya fashe, mutum ya shafe watanni yana dangwale, yatsa har ya yi kanta, abin da ya fito bai biya kuɗin data ba. Nan wajen ya ɗauki dariya, domin da yawa daga masu dariyar da su aka yi.

Haƙa ta gaskiya, in ji shi, irin ta Bitcoin ce, wadda ta fara a 2009. Na'urori ne a faɗin duniya suke tseren cankar wata lamba. Kusan duk minti goma ɗaya takan dace, sai a rufe shafin ciniki a ba ta lada. Ladan yana raguwa da rabi kusan duk shekara huɗu, kuma a watan Afrilu na 2024 ya sauko daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125. Sannan duk bayan shafi 2,016, wato kimanin mako biyu, tsarin yakan duba yawan masu haƙa, in sun ƙaru ya ƙara wa lissafin tsauri. "To ka ga," in ji shi, "na'urarka tana nan yadda take, wutar da take sha tana nan yadda take, amma rabonka yana ta ƙanƙancewa don wani a Amurka ya kunna dubu goma sababbi."

Daga nan ya shiga bayanin ita kanta na'urar. Ya ce da farko da kwamfuta ake yi, daga baya aka ƙera na'urar da ba ta iya komai a duniya sai wannan lissafi ɗaya. Fitattu su ne Antminer na kamfanin Bitmain da Whatsminer na kamfanin MicroBT, duk na ƙasar Sin. Tsohuwar S9 ta 2016 tana yin terahash 13.5 da wat kusan 1,350. S19 Pro ta 2020 tana yin 110 da wat 3,250. S21 kuwa tana yin 200 da wat 3,500. Ya ce a lura da kyau, S21 ta kusa ninka aikin S19 Pro amma wutarsu kusan ɗaya, shi ya sa manyan masu haƙa suke zubar da tsofaffin, su kuma dillalai su kwaso su kawo mana a matsayin garaɓasa. Ya ƙara da cewa ranar da ta daina riba ba ta da wani amfani, ko wasiƙa ba za ka buga da ita ba, sai dai 'yan gwangwan su auna ta a kilo.

A kan wannan gaɓa ta wuta ya fi daɗewa, ya ma nemi kowa ya fito da wayarsa ya buga lissafin da kansa. Wat 3,250 sau awa 24 ya ba da yunit 78 a kullum. A 2024 aka mayar da kuɗin wutar rukunin farko, wato masu alƙawarin awa 20, zuwa sama da naira 200 kowane yunit. Ke nan na'ura ɗaya za ta sha wutar naira 16,000 da 'yan kai a yini. Me take kawowa? A tsawon 2025, na'ura mai terahash 110 tana samar da abin da ke tsakanin dala 4 zuwa 7 a kullum, dala kuwa tana wajen naira 1,500. Ko a ranar da kasuwa ta yi kyau bai wuce naira 11,000 ba. "Wato kai ne kake ciyar da ita," in ji shi. "Akuya ce mai cin dusar dubu goma sha shida ta ba ka nonon dubu takwas. Wane Bafulatani ne zai riƙe ta?"

Kuma wannan, in ji shi, lissafin wanda yake da wutar ne. Ya tambayi mutanen Badafi awa nawa suke ganin wuta a yini, aka yi ta surutu ba amsa ɗaya. Ya tuna masu watan Oktoba na 2024, da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace aka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. In an ce janareta, yunit 78 zai lashe dizal lita 25 ko fiye a kullum, kuma tun bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowa ya san abin da zuwa gidan mai yake nufi. In an ce sola, fanel mai wat 550 a ranarmu ta Kano yakan ba da yunit biyu da 'yan kai a yini, sai ka tanadi fanel wajen 35, da batirin da zai riƙe yunit 50 na dare, da inbata mai ƙarfi. Kuɗin wannan ya ninka kuɗin na'urar sau da yawa, kuma mai irin wannan sola, da injin niƙa ko firizar ƙanƙara ko famfon noman rani ya ɗora mata da ya fi ganin kuɗi a hannu.

Ya ce inda abin yake ci, wuta ce ta yi yawa ba mai saye. Habasha ta gina babbar madatsarta a kan kogin Nilu, wutar ta fi ƙarfin layukanta, sai ta sayar wa masu haƙa a kan kimanin santi 3 na dala kowane yunit a 2024, alhali namu na rukunin farko ya kai santi 13 ko 14. Kamfanin Gridless yana aiki da rarar wutar ƙananan madatsu a ƙauyukan Kenya, Malawi da Zambiya. Iran ta halatta haƙa a 2019, amma a 2021 sai da ta dakatar da ita na tsawon watanni saboda ƙarancin wuta. Sin kuwa korar masu haƙa ta yi gaba ɗaya a 2021. Wani ya ɗaga murya ya ce ai mu ma ga Tiga nan a Bebeji. Mai jawabin ya ce ƙwarai, madatsar da aka gina zamanin Audu Bako, amma tashar wutarta megawat 10 ce, na'ura dubu uku sun shanye ta tas, a jihar da masana'antun Sharaɗa da Challawa suke kukan wuta.

Sai ya juya ga waɗanda sun riga sun saya, ko masu koyon gyara da za a iya kawo wa irinta. Ya ce cikinta abu huɗu ne: allunan haƙa guda uku masu ɗauke da ƙananan ayisi, allon da yake sarrafa su, akwatin wuta, da fankoki. Allon S9 ayisi 63 ne, na S19 Pro 114, kuma a jere suke kamar sahu, saƙo yana bi ta kan kowane zuwa na gaba. In ɗaya ya mutu a tsakiya, na bayansa duk sun yanke.

Abu na farko, in ji shi, kada a taɓa sa ta a soket ɗin ɗaki. Tana jan amfiya wajen 15 dare da rana, soket ɗin gida kuwa 13 ne iyakarsa, kuma yawancin na kasuwa ko hakan ba su kai ba. Sai an ja mata layinta daban da waya mai kauri, da burekarta, da wayar ƙasa. Tana son bolt 200 zuwa 240. Wutar ƙauye da kan faɗo 170 da magariba ba za ta tayar da ita ba, in kuma ta tashi za ta yi ta mutuwa tana farfaɗowa har akwatin wutar ya ƙone. Da damina kuma ga tsawa. Ya ce ya ga ɗakin da filogi ya narke ya kama labule, Allah ne ya kiyaye akwai mutane a farke.

Na biyu zafi. Duk wutar da ta sha zafi take komawa, kamar ka kunna dutsen guga uku ka bar su a ɗaki har abada. An ƙera ta don iskar da ba ta wuce digiri 40 ba, mu kuwa a Afrilu inuwa ma takan wuce haka. Dole iska mai sanyi ta shigo ta gaba, mai zafi ta fice waje ta baya ta wata kafa, kada su haɗu. Wanda ya kulle ta a ɗaki mai rufin kwano don tsoron ɓarayi, numfashinta take sake shaƙa. Na uku ƙura. Da hunturu ƙura takan toshe ƙarafan sanyaya ayisi, damina ta zo danshi ya mayar da ita laka mai cin allo. A sa raga a mashigar iska, a riƙa kashe ta ana hure ta da bulowa, amma a riƙe fankar kada iska ta juya ta da ƙarfi.

Ya ce in ta tsaya, kada a fara da sukudireba. A shiga shafinta ta kwamfuta a karanta rahoton da take rubutawa da kanta, domin takan faɗi ciwonta. In ta ce ba ta ga fanka ba, ba za ta yi haƙa ba sam, sai a duba filogin fankar ko a sauya ta, wannan gyaran mai sauƙi ne. In ta nuna allo ɗaya ya ga ayisi sifili, a kashe, a musanya wayar bayanansa da ta allon da yake aiki. In matsalar ta bi waya, waya ce. In ta tsaya a kan allon, allon ne. In duka ukun suka nuna sifili lokaci guda, da wuya a ce tare suka mutu, a tuhumi akwatin wuta ko allon sarrafawa. In kuwa ya ga ayisi 60 a maimakon 114, to a nan kusa da na 60 sahun ya yanke, sai mai abin gwaji da iskar zafi da hannu mai natsuwa. Ya ja kunne sosai cewa kada yaro ya buɗe akwatin wuta, domin yakan riƙe caji bayan an zare shi, kuma yana kisa.

Akwai kuma ciwon da ba a gani. Mutum ɗaya ba ya haƙa shi kaɗai, gayya ake shiga a raba lada gwargwadon aiki, domin a 2025 ƙarfin na'urorin duniya ya kai inda S19 Pro ɗaya za ta iya jiran fiye da shekara 150 kafin ta dace da shafi guda. Gayyar tana buƙatar intanet marar yankewa. Data kaɗan take ci, amma in sabis yana jinkiri aikinka zai isa a makare a ƙi karɓa, ka sha wuta a banza. Sannan na'urar hannu takan zo da gurɓatacciyar manhaja mai karkatar da wani kaso na aikin zuwa asusun wani. Mai saye ya sake mata manhaja ta asali, ya sauya kalmar sirrin da ta zo da ita, ya riƙa gwada abin da na'urar ta ce ta yi da abin da gayyar ta ce ta karɓa. Kuma kada ya biya sai ya ga ta yi aiki awanni a gabansa da allunanta uku.

Ya kawo misalin Riruwai a Doguwa, inda aka zuba dukiya a haƙar kuza, farashinta ya faɗi a kasuwar duniya a 1985, ramuka da injuna suka zama kufai. Ya ce mai haƙa ba shi yake yanka farashi ba. Haka masu haƙar Ethereum suka kwana da kayan miliyoyi a watan Satumba na 2022, suka tashi an sauya tsari an daina haƙar.

Da aka zo tambayoyi, wani matashi ya nemi hukuncin abin a shari'a. Mai jawabin ya ce shi mai gyara ne, fatawa ta malamai ce, kuma malaman duniya sun saɓa: Muftin Masar ya haramta cinikin Bitcoin a farkon 2018, majalisar malaman Indunusiya ta hana amfani da kirifto a matsayin kuɗi a 2021, kwamitin shari'a na hukumar hannun jari ta Malesiya kuwa ya yarda da cinikinsa a 2020. Ta fuskar hukuma, Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da shi a Fabrairun 2021, ya janye hanin a Disamban 2023, dokar zuba jari ta 2025 kuma ta sa shi ƙarƙashin hukumar hannun jari. Amma ya ce akwai abin da ba saɓani a kansa. Na'urar da ba ta riba sai an zagaye mita, satar wuta ce, kuma in taransifomar unguwa ta ƙone haƙƙin kowa yana wuyanka. Ƙararta tana kai desibel 75 ba dare ba rana, maƙwabci mai jinya ko mai jariri yana da haƙƙi. Wanda kuma ya gane tasa ta gaji ya wanke ta ya sayar wa ɗan'uwa bai faɗa masa ba, ya yi algus.

Wani daga Tudun Wada ya ce an yi masa tayin hayar na'ura a ƙasar waje, ya tura kuɗi ta waya a riƙa ba shi riba kullum, in ya kawo mutane a ƙara masa. Mai jawabin ya ce ya tambaye su lambar na'urar, da sunan gayyar da take ciki, da shafin da zai ga aikinta da idonsa. Ya ce haƙa ta gaskiya ba ta da tsayayyen riba, yau sama gobe ƙasa, kuma ba ruwanta da ka kawo mutum. Ya tuna masa MMM a 2016 da CBEX a watan Afrilu na 2025, ya ce su ma waɗanda suka fara shiga an biya su, da kuɗin waɗanda suka zo daga baya. Matashin ya ce an ba shi wa'adin kwana uku kafin garaɓasar ta ƙare. Mai jawabin ya ce ya bar kwana ukun su wuce, ya ga ko ba za su sake kiransa da sabon wa'adi ba.