Kiwon Tarwada a Tsakar Gida: Jawabi ga Masu Neman Rancen Ƙungiya

  

An ce in yi magana a kan kiwon kifi, tunda mata da yawa sun ba da suna suna neman rance don su fara. Ni dai ba malamar gona ba ce. Kifi nake saye ina sayarwa, ɗanye da banda, kuma ina da tanki 2 a bayan ɗaki.

Mutanen bakin teku, irin su Legas da Kalaba, su ke kama ƙaguwa da jatan lande, busasshen ma daga Oron yake zuwa mana cikin buhuna. Mu nan kogin Kaduna gare mu, shi kuwa shiga kwalekwale da jefa koma aikin masunta ne. Abin da mace za ta iya ba tare da ta bar gidanta ba shi ne kiwon tarwada. Tana da juriya, tana leƙowa sama ta shaƙi iska, shi ya sa take rayuwa a tankin da karfasa za ta sha wuya.

Kafin komai, ki tambayi kanki: ina ruwana? In sai kin sayi jarka wurin 'yan garuwa kike wanki, to ki haƙura tukuna, don kifi kullum sai an rage masa ruwa an ƙara sabo. In na famfo ne, ki tara shi ya kwana biyu, maganin da ake zubawa ya fita. Sannan ruwan da kika zubar yana da ƙarni. Kada ki sake shi a kwata ya bi ƙofar maƙwabta, ki ja wa kanki ƙara wurin mai unguwa. Ki juya shi ga alayyafo da yakuwa, taki ne mai kyau.

Sai maganar da na fi so ku riƙe, wato abinci. Wallahi nan ne kuɗi ke tafiya. Tanki da 'ya'yan kifi ba su ne tsadar ba. Kusan kashi 2 cikin 3 na abin da za ki kashe, cikin kifin zai shiga. Ku buɗe littafi mu lissafa, ai ba banza muke zuwa ajin yaƙi da jahilci ba. Buhun abinci kilo 15 ne. Kifi 100, in kina so kowanne ya kai kilo 1, za su ci buhu 7 zuwa 8 cikin wata 5 ko 6. Ki je Kasuwar Gumi ko Kawo ki tambayi kuɗin buhu a yau, ki ninka sau 8, ki ga ko rancenki zai ɗauka. In ba zai ɗauka ba, ki zuba 50. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na ga mata sun zuba 500 don daɗin baki, a wata na 3 kuɗi ya ƙare, aka koma ba su dusa da ragowar tuwo, ruwa ya ɓaci, kifi ya tsaya cak, ga bashin ƙungiya yana jira. Kuɗin nan kuwa zubinmu ne mu duka, wata tana layi tana jiran ki biya ita ma ta karɓa.

Wajen saye, ki ɗauki waɗanda suka ɗan tasa, ko da sun fi tsada. 'Yan mitsi-mitsin nan mutuwarsu ba wuya. Tanki mai lita 1000 kada ya wuce kifi 100. Kuma tarwada tana cin 'yar'uwarta. Duk mako 2 ki tsame manyan ki ware su, in ba haka ba ki zuba 100 ki kwashe 60, ki ce aljanu ne. A rufe tanki da raga saboda tsuntsaye, da yara kuma.

Kada sabuwar shiga ta fara a Disamba ko Janairu. Da hunturu ruwa yana sanyi, kifi ba ya cin abinci sosai, ƙananan suna mutuwa. A bari zafi ya shigo.

Saura kasuwa, wadda ita ce sana'ata. Ki nemi mai saye tun kifi yana wata 3. Masu farfesu da masu gashi manya suke so, daga kilo 1 zuwa sama. Dillali in ya zo ya ga abinci ya ƙare miki, shi zai yanka farashi, kuma da sikelinsa zai zo. Shi ya sa nake roƙon shugabanni, ƙungiya ta sayi sikeli nata, mu riƙa ara. In farashi bai yi miki ba, ki yi banda. Wanda aka kyafe da kyau yana jure ajiya, ki sayar a hankali, kuma na banda ba sai ya yi girma ba, a wata 3 zuwa 4 ya isa.

Wadda ke son ganin tanki da idonta kafin ta sa hannu a takardar rance, ta ba sakatariya sunanta, mu tsayar da rana bayan la'asar. Ku zo da littafi da biro.