Jawabi ga Matasan Batsari da Safana Masu Neman Aikin Soja: Me Za Ka Bayyana a Takardar Tantancewa?

An roƙe ni in yi magana a kan takardun da ake cikawa idan mutum zai shiga soja, musamman wurin da ake tambayar tarihin rayuwarsa. Na ga yara da yawa sun ci gudu, sun ci awon tsayi, likita ya ce lafiyarsu ƙalau, amma aka sallamo su saboda layi ɗaya da suka rubuta ba daidai ba.

Ko ƙaramin soja kake nema, wanda ake horarwa a Defo ta Zariya da aka kafa tun 1924, ko hafsa a makarantar NDA ta Kaduna da aka buɗe a 1964, sai an bincike ka. Za a nemi takardar haihuwa, da shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, da sakamakon jarrabawa, da lambar NIN, da sa hannun wanda ya tsaya maka. Binciken kuma ba ya ƙarewa a ranar ɗauka. Duk lokacin da za a ɗora ka a kan aikin da ya shafi sirri, za a sake buɗe fayil ɗinka na farko a gwada da abin da kake faɗa a ranar. Dokar Rundunonin Soja ta Nijeriya ta mai da ba da amsar ƙarya wajen shiga aiki laifi mai zaman kansa.

Zan fara da suna, domin nan ne namu suka fi tuntuɓe. Yaro yana da sunan da kakarsa ta sa masa, Tanko ko Ɗari, yana da sunan baftisma, a firamare kuma malami ya rubuta masa sunan ƙauyensu a madadin na mahaifi. Sai ka ga takarda uku da suna uku. Wannan ba laifi ba ne, amma idan ka yi shiru, mai bincike zai ɗauka sakamakon wani ka ara. Je kotu ka yi takardar rantsuwa, ka gyara a ofishin NIN tun kafin a buɗe ɗauka, kuma inda aka tambayi wasu sunayen da aka san ka da su, ka jera su duka. Kada wani ya ruɗe ka cewa ka canja suna ko ka ɓoye addininka don a ɗauke ka. Wanda ya shiga da sunan aro, da shi zai nemi fansho, da shi kuma iyalinsa za su nemi haƙƙinsa in ta Allah ta kasance.

Shekaru ma haka. An saba neman ɗan 18 zuwa 22 ga wanda ba shi da sana'a, mai sana'a kuwa har 26. Iyaye, ku daina rage wa yara shekaru. Shekarar da ya gama firamare tana nan a rubuce.

Yanzu ga magana mai nauyi. Mu da ke bakin dajin Rugu, da wuya a sami gidan da wannan fitina ba ta taɓa ba. Wani an sace mahaifiyarsa, shi ya kai kuɗin fansa daji. Wani sun bar gonarsu a Runka ko Wagini sun yi shekara biyu a Katsina ko Dutsinma. Wani ya yi aikin sa kai. Wani kuma a 2021, lokacin da aka katse layukan waya aka hana sayar da mai a jarka, an tsare shi kwana biyu aka sake shi. Yaro yakan ji tsoro ya ce in na faɗi wannan za a ce ni infoma ne. Ku saurare ni da kyau: mai bincike ba daga wata duniya ya zo ba. Yana iya tambayar mai unguwa, da dagaci, da fadar Sarkin Ruma ko ta Yariman Katsina, da ofishin 'yan sanda. Abin da duk ƙauye ya sani ba ya ɓoyuwa. Idan ya ji daga bakinka cewa an tilasta maka ka kai kuɗi don ceton ran ɗan'uwanka, ga rana, ga wanda aka sanar, labarin wanda aka zalunta ya ji. Idan daga bakin wani ya fara ji, tambayarsa ita ce me ya sa ka ɓoye.

Don haka ka rubuta duk inda ka zauna, har da zaman gudun hijira. Idan ka yi aiki da 'yan sintiri ko da rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Katsina ta ƙaddamar a Oktoba 2023, ka faɗa. Ka kuma karanta tambaya sau biyu, domin kamawa daban, hukuncin kotu daban. In an tambayi hukunci kuma ba a taɓa yanke maka ba, amsarka a'a ce. In an tambayi kamawa, ka faɗa, ka nemo takardar sallama. Idan kuwa akwai abin da kake jin ya kai laifi a shari'a, ga lauya tukuna kafin ka sa biro a takarda. Fasto zai yi maka addu'a, amma wannan aikin lauya ne.

Ba mu kaɗai ke yin haka ba. A Amurka akwai fom mai suna SF-86, wanda ke tambayar inda mutum ya zauna shekara 10 baya, da bashinsa, da ƙwayoyin da ya sha, da baƙin da yake hulɗa da su. Wanda ya yi ƙarya da gangan a ciki yana iya shan ɗaurin shekara 5. Dalilinsu mai sauƙi ne: mutumin da ke da abin ɓoyewa, abokin gaba yana iya riƙe shi da shi. Ku auna wannan da sojan da ɓarayin daji suka san wani sirrinsa da shugabansa bai sani ba.

Ciwo irin farfaɗiya ko asma, faɗa wa likita. Horon Zariya ba wasa ba ne. Mai shan tramadol ya daina tun yanzu, domin ana iya gwada fitsari.

Ku kuma dattawa da ake kawo wa takardar tsayawa, ku zaunar da yaron ku tambaye shi duk abin da na lissafa kafin ku sa hannu, domin ku za a nema in magana ta taso. Cika fom na ƙaramin soja kyauta ne, duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai goge wani abu daga fayil, ku kawo maganar wurin shugabannin ƙungiya. Masu takardu a hannu su tsaya bayan an tashi mu duba sunayen tare.