Lakwal ɗin unguwa: nauyin wa ne?



Ran 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama azuzuwan kara a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu. Ran 8 ga Nuwamba 2021 irin haka ta auku a Maraɗi, aka rasa fiye da 20. An yi zaman makoki, an zagi gwamnati, kuma ta cancanci zagin. Amma tambaya ɗaya ba a cika yi ba: uba nawa ya taɓa leƙa ajin ɗansa kafin ranar?

Ajin kara ba gobara kaɗai yake jawowa ba. Ana buɗe makarantu a watan Oktoba, alhali karan da za a yi rumfa ba ya samuwa sai an gama girbin hatsi. Ruwan farko kuma in ya sauka, karatu ya tashi. Yaron da aka rubuta wa wata tara sai ya sami abin da bai kai ba, sannan a yi mamaki ya kai aji shida bai iya karanta wasiƙa ba. Garin da ke gayya don noman gonar mutum ɗaya ba zai kasa gayyar buga tubali ba. Ɗan kasuwa ya kawo kwano da siminti, samari su kawo ƙarfi, magajin gari ya biya magini.

Hanyar ma tana nan. Tun 2004, da taimakon hukumar JICA ta Japan, aka soma a jihar Tawa gwajin kwamitin kula da makaranta, wato COGES, wanda daga baya ya bazu ƙasa duka, aka kuma canja masa suna CGDES. Ƙarfinsa abu biyu ne: zaɓen shugabanni da ƙuri'ar asiri, da taron gari inda ake tsara aikin shekara, a kuma karanta abin da ya shiga asusu da abin da ya fita. Inda aka bar maigari ya naɗa ƙanensa, ko wata jam'iyya ta mai da kwamitin reshenta, iyaye sukan rufe aljihu, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Nan ne ma'aikaci ke da amfani. Wanda ke riƙe lissafin gwamnati kullum, awa biyu a wata sun ishe shi ya gyara littafin kuɗin lakwal, ya manna shi a ƙofar direkta kowa ya gani.

Sauran aikin na cikin gida ne, kuma ba ya cin ko dala. Uwa ba sai ta iya boko ba kafin ta buɗe kaye ta ga ko an yi rubutu yau. Ƙungiyar iyaye mata ita ta fi sanin yarinyar da talla ta hana zuwa, da wadda ake shirin aurarwa. Ita kuma ake jin kunya in ta yi sallama a gida.

Malamin kwantaragi da aka turo ƙauye, albashinsa kaɗan ne, yakan kuma yi jinkiri. Ba aikin iyaye ba ne su biya shi, kada a bar gwamnati ta laɓe bayan kwamiti ta sauke nauyinta. Amma ɗaki mai ƙofa da ƴan tiyoyin hatsi lokacin kaka sukan hana mushe neman canji tun kafin hutun Disamba.